Idan Magagarin Likita Ya Karye A Cikin Saiwar Turmi

A ce wani ma'aikaci ya yi kwana uku bai runtsa ba saboda ciwon turmi, ya tafi asibitin haƙori, likita ya duba ya ce masa haƙorin bai kai na cirewa ba, ana iya wanke saiwarsa a cike ta, ya ci gaba da tauna da abinsa. Ya yarda, aka yi masa allurar kashe zafi, aka fara aiki. Can ana cikin yi sai likita ya dakata, ya zaro ɗan siririn ƙarfen da yake aiki da shi, ya ɗora shi bisa ma'auni, ya ga tsawonsa ya ragu da milimita uku. Shi mai haƙori bai ji kome ba, bai kuma san abin da ake ciki ba. Amma fa ragowar ƙarfen nan tana can ƙasa, ta maƙale a cikin wani rami wanda faɗinsa bai fi na gashin wutsiyar doki ba.

Wannan abu yana faruwa a ko'ina ake irin wannan aiki a duniya, a hannun ɗalibi da kuma a hannun gwani. Akwai wata magana da likitocin haƙori sukan danganta ga Louis Grossman, wani shahararren malaminsu na birnin Filadelfiya a Amurka, wadda ma'anarta ita ce duk likitan da bai taɓa karya ƙarfe a cikin saiwa ba, to bai yi aikin saiwa da yawa ba ne. Abin da ya kamata masu karatu su sani shi ne me ke biyo bayan karyewar, domin a nan ne ake ko dai a ceci haƙori, ko kuwa a lalata shi garin neman gyara.

Babban mutum yana da haƙora 32, goma sha biyu daga cikinsu turame ne. A tsakiyar kowane haƙori akwai wani ɗaki mai ɗauke da ɓargo, watau jijiyoyin jini da na jin zafi, daga ɗakin nan kuma ƙananan ramuka suke gangarawa ta cikin saiwa har ƙarshenta. Idan ruɓa ta ci haƙori har ta kai ga ɓargo, ƙwayoyin cuta sukan shiga su kashe shi, sa'an nan su bi ramukan nan su fita zuwa ƙashin muƙamuƙi, inda sukan tara mugunya. Aikin likita shi ne ya buɗe haƙorin ta sama, ya kwashe mataccen ɓargo, ya faɗaɗa ramukan, ya wanke su da ruwan magani, ya toshe su da wani irin danƙo don kada wani abu ya sāke shiga.

Haƙoran gaba ba su cika ba da wahala ba, don yawanci saiwa ɗaya ce miƙaƙƙiya mai rami ɗaya. Turmi kuwa wani abu ne dabam. Na ƙasa saiwa biyu gare shi da ramuka uku ko huɗu. Na sama saiwa uku, kuma fiye da rabin turamen farko na sama suna da rami na huɗu a ɓoye, wanda sai mai haƙuri yake gano shi. Ramukan nan siriri ne, kuma lanƙwasassu, wani ma ya lanƙwasa sau biyu kamar ƙugiya. Ga shi kuma can ƙuryar baki suke, inda haske ba ya kai wa sosai, hannu ma da ƙyar. Wurin da ƙarfe ya fi karyewa shi ne saiwar gaba ta turmin ƙasa, da saiwar turmin sama wadda take wajen kumatu ta gaba. Turmin farko na ƙasa kuwa shi ne yake fitowa yaro yana da shekara shida, ya fi sauran daɗewa yana shan alewa da sukari, saboda haka yana cikin waɗanda aka fi kai wa likita.

ABIN DA KE KARYA SHI

Kayan aikin da ake faɗaɗa ramin da shi ɗan ƙaramin magagari ne mai kama da allura, jikinsa a murɗe. An daidaita girmansu a duniya baki ɗaya, kowane da lambarsa da launin mariƙinsa. Mai lamba 10, kaurin bakinsa kashi ɗaya ne cikin goma na milimita. Mai lamba 15 farin mariƙi gare shi, mai lamba 20 rawaya, mai lamba 25 ja. Tsawonsu yawanci milimita 21 ne, ko 25, ko 31.

A da, da ƙarfen da ba ya tsatsa ake ƙera su, likita ya riƙa juya su da yatsunsa. Aibin wannan ƙarfe shi ne taurin kai: in ya yi kauri ba ya son bin lanƙwasa, sai ya nemi miƙe ramin. A wajen shekarar 1960 wani masanin ƙarafa mai suna William Buehler, a wani ɗakin bincike na sojan ruwan Amurka, ya gano wani gami na nikel da titaniyam wanda ake lanƙwasa shi ya koma yadda yake. A 1988 Harmeet Walia da abokan aikinsa suka nuna cewa magagarin da aka yi da wannan gami ya fi na da laushi nesa ba kusa ba. Ba a daɗe ba aka fara ɗora shi a kan inji yana juyawa wajen sau 300 a minti ɗaya. Aiki ya yi sauri, ramuka suka riƙa fitowa da kyakkyawan fasali, amma sai wata matsala ta biyo baya.

Hanya biyu ce magagari yake karyewa. Ta farko, bakinsa ya cije a wuri matsattse alhali sama tana ci gaba da juyawa, sai ya murɗe ya tsinke. Ta biyu ita ce gajiya. Duk wanda ya taɓa son yanke waya ba shi da almakashi ya san dabarar: a lanƙwasa ta nan, a mayar can, har ta yi zafi ta rabu. Haka magagari yake sha idan yana juyawa a cikin lanƙwasasshen rami, kowane juyi ɗaya gefe ya miƙe ɗaya ya takure, sau ɗaruruwa a minti. Tsohon ƙarfe yana da kirki ɗaya, yakan nuna alama, murɗinsa ya warware, likita ya gani ya jefar. Na nikel da titaniyam kuwa sau da yawa ba ya sallama, yana nan sumul kamar sabo sai kawai ya rabu biyu. Shi ya sa masu ƙera wasu daga cikinsu suke cewa a yi aiki da su ga mutum ɗaya a yar. Inda kuɗi suka yi ƙaranci akan dafa su a sāke amfani da su sau da yawa, kuma ba sai an faɗa ba, kowane amfani yana rage musu kwana.

ƘARFEN BA SHI NE CUTAR BA

Abin da yakan fara zuwa zuciyar mai haƙori in ya ji labari shi ne ƙarfen zai yi tsatsa ya zama dafi, ko ya bi jini ya tafi wani wuri. Ba haka ba ne. Ƙarfen dafaffe ne, irin wanda jiki ba ya faɗa da shi, kuma muddin yana cikin ramin saiwa ba inda za shi. Haɗarin da ya fi wannan shi ne magagari sukutum ya suɓuce daga yatsun likita ya faɗa maƙogwaro, abin da wani ɗan shimfiɗin roba da ake kewaye haƙori da shi yake hanawa. Wani likita a Niyok, Sanford Barnum, shi ya ƙago robar nan tun 1864, amma har yau akwai masu ganin saka ta ɓata lokaci ne.

Illar guntun ƙarfe ita ce ya zama murfi. A 1965 Kakehashi da Stanley da Fitzgerald suka yi wani gwaji a Amurka wanda har yanzu ake koya wa ɗalibai. Sun buɗe ɓargon haƙoran ɓeraye iri biyu, na kullum da waɗanda aka raina ba ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu. Na kullum ɓargonsu ya mutu, ƙurji ya fito a gindin saiwa. Waɗancan kuwa suka warke. Watau ƙwayoyin cuta su ne tushen ciwon. Saboda haka tambayar da likita zai yi wa kansa ita ce: me ke ƙarƙashin ƙarfen nan? In ya karye ne a ƙarshen aiki, bayan an riga an wanke ramin tas, to ba wani abu ya rufe ba. In kuwa tun farko ya karye, a haƙorin da ɓargonsa ya mutu ya ruɓe, to ya kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki, ruwan magani kuma ba shi da hanyar isa gare shi.

Alƙaluman bincike sun goyi bayan wannan. Tun a 1970 Crump da Natkin suka gwada haƙoran da aka bar guntun ƙarfe a cikinsu da waɗanda ba su da shi, ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba. A 2005 Spili da Parashos da Messer, a birnin Melbon na Ostareliya, suka bi takardun haƙora 8,460 da ƙwararru suka yi wa aiki, suka tarar kashi 3.3 cikin ɗari suna ɗauke da guntun ƙarfe. Da suka gwada warkewa, masu ƙarfe sun warke kashi 91.8 cikin ɗari, marasa shi kashi 94.5. Amma inda tun farko akwai ciwo a ƙashin gindin saiwa, masu ƙarfe sun sauka zuwa kashi 86.7, marasa shi kuwa 92.9. Sai dai a lura, aikin ƙwararru ne aka auna a nan, waɗanda suka wanke sauran ramukan yadda ya kamata.

YADDA AKE CIRO SHI

Shekaru da yawa likitoci ba su da wata dabara sai lalube. A zura wani magagari a gefen guntun, ko biyu ko uku a murɗe su tare a ja, in Allah ya sa a dace. A shekarun 1960 wani Bafaranshe, Jean Masserann, ya fito da wasu kayan aiki waɗanda har yanzu ake kira da sunansa. Wani ɗan bututu ne mai haƙora a baki, wanda yake yanka kewayen guntun kamar yadda ake haƙe gindin turke, sa'an nan a zura wani bututun mai matsewa ya cafke kansa a zaro. Dabarar tana ci a haƙoran gaba masu kaurin saiwa. A turmi kuwa sai a hankali, domin mafi ƙanƙantar bututun ya fi milimita ɗaya kauri, ga shi ba ya lanƙwasa, saiwar kuwa ba ta da naman da za ta bayar.

Abu biyu ne suka sauya al'amarin. Na farko shi ne madubin tiyata mai ƙara girman abu, wanda ya bazu a wannan fanni a shekarun 1990, har daga 1998 aka wajabta koyar da aiki da shi ga masu neman ƙwarewa a aikin saiwa a Amurka. Yana ƙara girman abu sau ashirin ko fiye, yana kuma jefa haske tsaye cikin ramin, sai likita ya hangi kan guntun yana ƙyalli kamar kwabo a gindin rijiya. Na biyu shi ne na'ura mai karkarwa, wadda siririn bakinta yake kaɗawa wajen sau 30,000 a sakan ɗaya. Richman ne ya fara kawo ta aikin saiwa a 1957, amma sai da madubi ya zo aka san darajarta.

Ga yadda aikin yake tafiya, bisa tsarin da Clifford Ruddle na Kalifoniya ya yaɗa. Da farko a ɗauki hoto a san inda guntun yake, da tsawonsa, da kaurin bangon da ke kewaye da shi. A yau akwai na'urar hoto mai nuna haƙori ta kowace fuska, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1990, tana kuma nuna lanƙwasar da hoton da aka saba ba ya nunawa. Sa'an nan a miƙe hanya daga saman haƙori har zuwa kan guntun, a yi ɗan dandamali a daidai wurin don a sami filin aiki. A toshe bakin sauran ramukan da auduga, domin an sha ganin guntu ya yi tsalle ya fita daga wannan rami ya faɗa na kusa da shi, a koma gidan jiya. Daga nan sai a sa bakin na'ura a riƙa sassaƙe bango kaɗan kaɗan a gefen guntun, ana kewaya shi ta hagu, kishiyar yadda ya shiga, kamar mai kwance noti. In aka tone wajen sulusin tsawonsa, karkarwar takan sassauta shi, wani lokaci sai a ga ya yi tsalle ya fito da kansa.

In ya sassauta amma ya ƙi fitowa, musamman in dogo ne, sai a koma ga zarge. Roig-Greene ya bayyana dabarar a 1983: a zura siririyar waya ta cikin bututun allura, a yi mata ɗan hanci, a saƙala a wuyan guntun, a tsuke a ja. Wani likita ɗan Japan, Yoshitsugu Terauchi, ya kyautata wannan dabara, ya ƙera kayan aiki na musamman dominta. Duk wannan fa a cikin wuri ake yi wanda bai kai faɗin kan ashana ba, likita yana kallo ta madubi, mai haƙori kuma baki a buɗe.

ABIN DA AKE BIYA

A nan ne hankali ya fi gwaninta amfani. Duk ƙurar da aka sassaƙe daga bangon saiwa ta tafi ke nan, ba ta sāke tsirowa. Saiwar gaba ta turmin ƙasa tana da wani bango ta ciki, wajen da saiwoyin biyu suka rabu, wanda kaurinsa bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba tun asali. Likitoci da kansu suna kiransa wurin haɗari. Kuskure kaɗan sai a huda shi, a buɗe wa ƙwayoyin cuta sabuwar ƙofa zuwa ƙashi. Ko ba a huda ba, saiwar da aka rarake takan tsage daga baya, wata rana mutum yana tauna ƙashi ko gyaɗa, saiwar da ta tsage a tsaye kuwa ba ta da magani sai cirewa. Souter da Messer sun nuna a 2005 cewa ciro guntu daga tsakiyar saiwa ko ƙarshenta yana rage mata ƙarfi ƙwarai.

Akwai kuma zafi. Yawanci a bushe ake wannan aiki don ruwa yana hana gani, bakin na'ura kuwa yana ɗaukar zafi da sauri. Wasu masu bincike a Suwidin, Eriksson da Albrektsson, sun nuna a 1983 cewa ƙashi yakan lalace in zafinsa ya kai digiri 47 na minti ɗaya, watau digiri goma kacal bisa zafin jiki. Don haka sai an riƙa tsayawa ana sanyaya wurin. Shi ma guntun nikel da titaniyam yana da nasa halin: karkarwa takan sāke karya shi, rabi ya fito, rabi ya zauna can ƙasa inda ya fi na da wuyar kai wa.

To, sau nawa ake dacewa? Hülsmann da Schinkel a Jamus sun ba da kashi 68 cikin ɗari a 1999, in an haɗa waɗanda aka ciro da waɗanda aka ratsa ta gefensu. Suter da Lussi da Sequeira a birnin Ban na Suwizalan, da madubi a hannunsu, sun ciro 84 daga cikin 97 a 2005, watau kashi 87, suka kuma lura cewa in aiki ya zarce minti 45 zuwa awa ɗaya nasara takan ragu. Wani bincike na Barazil a 2012, na Nevares da abokansa, shi ya fito da asalin maganar fili: inda ake iya hango guntun an yi nasara kashi 85 cikin ɗari, inda ba a hango shi ƙasa da rabi. Guntun da ya tsaya kafin lanƙwasa yana da sauƙi. Wanda ya wuce lanƙwasa ya ɓuya, nemansa tamkar farauta ce cikin duhu, kuma haƙori ne yake biyan kuɗin harsashi.

Shi ya sa ciro shi ba ita ce kaɗai hanya ba, sau da yawa ma ba ita ce mafi kyau ba. Ramin saiwa ba kasafai yake zama zagayayye sosai ba, yakan bar ɗan sarari a gefen ƙarfen. Likita mai haƙuri yakan lanƙwasa bakin ƙaramin magagari, lamba 8 ko 10, ya lallaɓa ta sararin nan har ya wuce guntun ya isa ƙarshen saiwa. Da ya wuce, buƙata ta biya: ruwan magani zai isa ƙasa, a cike ramin, guntun ya zauna cikin ciko ba ruwansa da kowa. In wannan ma ta faskara, sai a wanke iyakar inda aka iya kai wa, a cike, a zuba ido. In ciwo ya ƙi warkewa akwai sauran tiyata: a ɗaga dasashi a yanke wajen milimita uku na ƙarshen saiwa tare da guntun, ko a cire saiwa ɗaya a bar sauran, ko ma a cire haƙorin a gyara shi a hannu a mayar da shi cikin 'yan mintoci. A turmi tiyatar ma ba wasa ba ce, don na ƙasa suna maƙwabtaka da babbar jijiyar da ke ba leɓe ji, na sama kuma da kogon iska na kumatu.

A FAƊA WA MAI HAƘORI

Karyewar magagari ba lalle ba ne ta zama sakaci, domin tana samun mai kula ma. Abin da ba shi da uzuri shi ne ɓoyewa. Mutum ya tashi daga kujera bai san yana ɗauke da ƙarfe ba, sai bayan shekara biyu wani likita dabam ya ɗauki hoto ya nuna masa, a nan ne amana take rushewa, a nan ne kuma yawancin ƙararraki suke farawa. A Nijeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya sanar da marar lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfani da haɗarin kowace, kuma a harshen da yake ji. Hukumar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista ita ke da ikon ladabtar da wanda ya saɓa wa ƙa'idar aiki.

Wanda abin ya same shi yana da hakkin ya ga hoton da idonsa, ya tambaya a wane rami ƙarfen yake, kafin lanƙwasa ne ko bayanta, a farkon aiki ya karye ko a ƙarshe, kuma akwai ciwo a ƙashin gindin saiwa ko babu. Amsar waɗannan ita za ta nuna ko a taɓa ko a bari. Yana da kyau kuma ya tambaya ko da madubi za a yi aikin. In babu, ya fi a rufe haƙorin da ciko na wucin gadi a tura shi asibitin koyarwa ko wurin ƙwararre, da a yi ta tono a makance. Kada kuma fushi ya sa ya ce a cire haƙorin kowa ya huta, domin turmin da aka cire yakan bar giɓin da na kusa suke karkatowa ciki, na sama kuma ya zazzago, cike giɓin kuwa ya fi gyaran tsada.

In aka yanke shawarar barin guntun, sai a rubuta a katin mai haƙori, a gama cikon, a sa wa turmin hula don kada ya tsage. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin saiwa ta Turai ta fitar a 2006 ita ce a dawo a ɗauki hoto bayan shekara ɗaya, in kuma inuwar ciwo a ƙashi ba ta gama ɓacewa ba, a ci gaba da dubawa har shekara huɗu. Kumburi, ko zafi wajen tauna, ko ɗan ƙurji mai fitar da ruwa a dasashi, kowane daga cikinsu ya isa ya sa mutum ya koma asibiti tun ranar da aka ba shi ba ta zo ba.